Wai da gaske karatun tarihi yana koya wa mutum rubutun jami'a?

Ɗan Garin Malam:

Salamu alaikum ƴan uwa da iyayenmu na wannan zaure, dan Allah shawara nake nema dan abin ya fara hana ni barci. Bana na shiga fak, wato jami'a, shekarar farko, sosiyoloji nake karantawa, kuma wallahi a lise, wato sakandare, ban taɓa zama na baya ba, bak ɗina ma, jarrabawar gama sakandare, sau ɗaya na zauna na ci. To satin da ya wuce aka maido mana takardun disertasiyon na farko, wato rubutun da ake ba ka tambaya ka amsa da hujja, na samu 6 bisa 20. Shida fa! Shafi biyar na cika har hannuna ya yi tsami, duk abin da ke cikin fasikil ɗin malamin, wato takardun darasinsa, na zuba ban bar ko waƙafi ba, amma ya sa jan bik ya ja layi tun daga sama har ƙasa ya rubuta a gefe wai resitasiyon ce, wato hadda, wai ina nawa tunanin yake. Wanda ke zama kusa da ni shafi biyu da rabi ya yi ya tashi da 13, na karɓi takardarsa na karanta sau biyu ban ga abin da ya faɗa wanda ban faɗa ba, hasali ma na fi shi jero sunayen marubuta.

Na kai kuka wurin wani yayanmu da ke koyarwa a kolej, sai ya ce wai ciwona ba na rubutu ba ne, karatu ne ban iya ba. Ni da na sauke Alƙur'ani ina shekara goma sha huɗu kuma na ci bak wai ban iya karatu ba, na dai haɗiye dan yayana ne. Ya ce in nemi littattafan tarihin duniya in riƙa karantawa, juyin juya halin Faransa, cinikin bayi, daulolin da, har da su falsafa da adabi, wai can ake koyon karatu da rubutu irin na jami'a. Ni abin bai shige ni ba. Mi ya haɗa Napoleyon da makina na sosiyoloji? Ga fasikil na kowace matiyer ya taru, kowane shafi dala biyar wurin mai fotokopi, ga wuta da ake ɗaukewa da dare, sannan a ce in ƙara jibga wa kaina wani kaya. Akwai wanda ya bi hanyar nan ya ga amfaninta, ko shawara ce irin ta manya wadda ake cewa to a wuce?

Sarkin Kabu-kabu:

hhhhh barka da zuwa fak ƙanena, kai ma ka gode Allah, mu da 4 aka tarbe mu. Ni shawarata kar ka wahalar da kanka, nemi ƴan shekara ta biyu su ba ka tsofaffin takardun da suka ci maki wurin malamin nan, ka duba yadda yake son entrodiksiyon, yadda yake son plan, kashi biyu ne ko uku, ka bi sawu kawai. Kowane malami da irin miyar da yake sha. Tarihin duniya kuma ka bari sai bakans in ka rasa abin yi.

Tsohon Mushe:

Wa alaikumus salam. Ɗana, yayanka bai zage ka ba, gaskiya ya gaya maka sai dai ya ba ka ita a dunƙule. Shekara talatin da ɗaya na yi da alli a hannu ina koyar da tarihi da jogarafi, kuma wani ɓangaren laifin namu ne mu malaman lise, mu muka saba muku da dikte, mu faɗa ku rubuta ku haddace ku maido mana ranar kompozisiyon mu ba ku 15 kowa ya tafi gida da murna. Sai ku je fak a tambaye ku abin da ba mu taɓa tambayarku ba.

Bari in nuna maka da abin da ke ƙofar gidanku, ba sai mun je Faransa ba tukuna. A watan Afrilu na 1898 wani kyaftin Bafaranshe mai suna Cazemajou ya iso Damagaram zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, a watan Mayu aka kashe shi shi da tafintansa. Wannan kowa ya yarda ya faru. To in ka ɗauko yadda Faransawan lokacin suka ba da labarin, cin amana ne, baƙo ya sauka aka yaudare shi. In ka zauna da tsofaffin Birni kuma wani zance za ka ji, cewa mutumin nan wurin Rabe ya nufa, Rabe kuwa shi ne ya ci Barno a 1893 ya zauna Dikwa, kuma Damagaram da ta daɗe tana kai gaisuwa Kukawa, fadar Barno, ta san in Rabe ya haɗa kai da Nasara to ita ce a bakin wuƙa. Mai hadda zai ɗauki guda ɗaya, wanda ya tarar cikin fasikil, ya juye a takarda. Mai karatu tsayawa zai yi ya ce wa ya rubuta wannan, yaushe, wa yake rubuta wa, kuma mi yake so a yi bayan an gama karantawa. Da ya yi tambayar ƙarshen nan sai ya ga cewa labarin cin amanar shi ne hujjar da aka riƙe aka zo ɗaukar fansa, ƙarshen Yuli 1899 aka gwabza a Tirmini, aka shiga gari, a watan Satumba aka kashe sarkin. Kuma rundunar da ta zo ɗin ragowar ta Voulet da Chanoine ce, wadda ta taho tana ƙona garuruwa, ta yi ɓarnar da kowa ya sani a Birnin Konni a watan Mayu na shekarar, har ta harbe Kanar Klobb da gwamnatinsu ta aiko ya tsayar da su. Irin wannan aiki a takardun mulkin mallaka sunansa pasifikasiyon, wato wai kwantar da ƙasa. Ka ga kalma ɗaya ta haɗiye gawa nawa. Ko barikin soja da suka gina mana nan, da sunan Cazemajou aka kira shi, daga baya aka mai da shi sunan Sarki Tanimun. Gini ɗaya suna biyu, kowane suna da abin da mai raɗa shi yake so ka tuna.

Wannan shi ne karatun da yayanka ke nufi. Kuma ba wai kowane Bature maƙaryaci ne kowane tsoho mai gaskiya ba, a'a, maroƙin fada ma ba zai rera maka ranar da sarki ya gudu ba. Akwai wani Baturen Ingila, Richardson, ya zauna garin nan farkon 1851 zamanin Sarki Ibrahim, ya rubuta abubuwa da yawa kan bayi da harin kama su, abin da ba mu cika son ji ba amma ya faru. Sai dai ka san shi mutum ne da ya ba da rayuwarsa ga yaƙi da cinikin bayi, dan haka duk inda ya shiga can idonsa ke fara sauka. Abokin tafiyarsa Barth da ya zo ƙarshen 1852 ya kira garin ƙofar Sudan saboda ayarin fatake da ke ratsa shi. Gari ɗaya, tsakaninsu bai cika shekara biyu ba. In ka karanta su biyun ka fi wanda ya karanta ɗaya sau goma.

Za ka ce to mi ya sa sai na duniya, ba namu kaɗai ba. Na farko dai namu ba ya tsayuwa shi kaɗai, ba za ka gane abin da ya kawo kyaftin ɗin nan Damagaram ba sai ka san taron Berlin na 1884 zuwa 1885, da layin da Ingila da Faransa suka ja a takarda a 1890 daga Say zuwa Barruwa bakin tafkin Chadi ba tare da wani sarkinmu ya sani ba. Na biyu kuma, wannan daga aji na koye shi, yaro ya fi saurin koyon auna magana a rigimar da babu kakansa a ciki. In na kawo zancen Damagaram da Kano sai aji ya ɗau zafi kowa ya kama ɓangare ba mai sauraro, in na kawo Atina da Sparta kuwa sai ka ga sun natsu suna cewa Mushe wannan hujjar ba ta da ƙarfi. To in hannu ya faɗa a can sai a dawo gida.

Sannan ba littafi goma nake ce maka ba. Shafi ɗaya a rana, ko cikin fasikil ɗin naka ne, ka rufe shi ka rubuta layi uku a kaye: mi mutumin nan ya ce, da wace hujja, mi ya tsallake bai faɗa ba. Layi na ukun nan shi zai ba ka wuya, sati biyu na farko ma wataƙila ka bar shi fari.

Gardi mai Lisansi:

Allah ya ƙara wa Baba Mushe lafiya, an sha karatu. Ni dai ta ɓangaren allo na fito kafin in shiga boko, kuma abin da ya ja ni in yi magana shi ne ƙanenmu ya ce ya sauke Alƙur'ani amma an ce bai iya karatu ba. Malam, ka tuna tafsirin azumi? Mutum biyu ne ke zama gaban jama'a, mai jan baƙi da mai fassara. Mai jan baƙi ba ya ƙari ba ya ragi, in ya canza wasali ɗaya za a gyara masa daga cikin sahu, kuma aikinsa babba ne. Amma in ya gama ja aka yi shiru ana jiran bayani sai ya sake jan ayar da ƙarfi, ai mutane za su fara kallon juna. To kai jan baƙi ka yi shafi biyar, malaminka kuwa tafsiri ya tambaya. Shi ya sa mai shafi biyu da rabi ya wuce ka.

Kuma kar wani ya ce maka wannan auna labarin Nasara ne suka kawo shi. Malaman hadisi tun ƙarni na uku na hijira, su Imam Bukhari, ba sa karɓar magana sai sun bi isnadi, wa ya ji daga wa, sun ma yi zamani ɗaya kuwa, mai ruwayar nan yana da riƙo ko mai mantuwa ne. Abin da ake ce muku a fak ku rubuta sunan marubuci da shekara da shafi, ɗan autan isnadi ne. Sai Ibn Khaldun, haifaffen Tunis a 1332, da ya zauna wata tsohuwar ganuwa a ƙasar Aljeriya ta yau ya rubuta Muƙaddima a 1377, shi cewa ya yi isnadi kaɗai bai isa ba a labarin duniya, sai an auna labarin kansa da yadda rayuwa ke tafiya. Misalin da ya fara da shi har yau yana burge ni. Masana tarihi irin su Mas'udi sun kawo cewa mayaƙan Bani Isra'ila da aka ƙirga a jeji zamanin Annabi Musa alaihis salam sun kai 600,000 ko fiye. Ibn Khaldun bai ce ƙarya ne ya wuce ba, zama ya yi ya yi lissafi: daular Farisa da ta fi su girma nesa ba kusa ba, a yaƙin Ƙadisiyya mutum 120,000 aka ce ta tara, sannan wane fili ne zai ɗauki sahun mutum dubu ɗari shida har ɓangare ya san abin da ɗaya ɓangaren ke ciki, sannan tsakanin Annabi Yaƙub da Annabi Musa kakanni kaɗan ne, ta yaya zuriyar gida ɗaya za ta yaɗu haka. Ka ga hujja uku a jere, kowace da ƙafarta, ƙarshe ya yanke. Wallahi in ka cire Larabcin ka sa Faransanci disertasiyon ce cikakkiya, da problematik ɗinta, wato babbar tambayarta, da komai. Kai da kake sosiyoloji ma ai kakanku ne, za ka haɗu da shi ko ba jima.

Inda na ɗan saɓa da Baba Mushe, da neman afuwa, kar a sa yaron nan ya raina hadda. Wanda ba shi da komai a ka ba shi da abin aunawa. Shekaru da sunaye da ka riƙe su ne hatsinka, daka ne kawai ba a koya maka ba.

Ɗan Garin Malam:

Kai, zancen jan baƙin nan ya shige ni har na yi dariya ni kaɗai, na gode Malam, na gode Baba. Amma fa har yanzu ɓangaren karatu kuka taɓa. In na zauna gaban farar takarda awa uku ga sije, wato tambayar jarrabawa, a tablo, ta ina zan fara? Nan ne kaina ke ɗaurewa sai in ga na koma zuba abin da na haddace dan kar lokaci ya ƙare.

Ƴar Zango:

Ƙanena sannu, ni ma da 7 na fara kuma har kuka na yi a bayan amfi, yanzu ina rubuta memwar ɗin master. Bari in nuna maka da sije ɗin da ya buɗe mini ido, an ba mu shi a shekarar farko: shin juyin juya halin Faransa na 1789 ya ƴantar da kowa? Karon farko abin da na yi irin naka ne, na fara daga Sarki Luwi na 16 da bashin da ya ci ƙasar, na bi ta ɓalle kurkukun Bastille ranar 14 ga Yuli, na jero komai bi da bi har zuwan Napoleyon, labari tsaf ba kuskure ko ɗaya, kuma ban amsa tambayar ba ko da layi guda. An tambaye ni ee ko a'a ni kuma na ba da tatsuniya.

Abin da ya gyara ni ba a fak ya faru ba. Ina zaune tsakar gida da Iya muna tsinke zogale, ita ba ta yi lakwal ba ko kwana ɗaya, ta ce mi ya kumbura miki fuska, na ce wani aiki ne, ta ce gaya mini da Hausa. Na ce wai mutanen Faransa ne suka tashi suka yi wa sarkinsu bore suka rubuta takarda a watan Agusta 1789 cewa duk ɗan Adam an haife shi ɗa ne kuma daidai yake da kowa. Ba ta ko ɗago kai daga tire ba ta ce, to su da suka rubuta hakan mi ya kawo su nan suna sa kakanki aikin tilas? Na yi shiru. Ta ƙara da cewa, matansu fa, su ma an daidaita su? Wallahi tambaya biyun nan su ne plan ɗina gaba ɗaya, na tashi na bar mata zogalen tana faɗa.

Da na koma littafi da tambayoyin Iya a kaina sai shekarun da da nake haddacewa kamar lambar salula suka fara magana. A tsibirin Saint-Domingue, Haiti ta yau, bayi kusan rabin miliyan ne ke aikin bauta lokacin da ake rubuta takardar ƴancin, kuma ba ta taɓa su ba, sai da suka tashi da kansu a watan Agusta 1791, sannan majalisar Faransa ta soke bauta a 1794, Napoleyon ya maido da ita a 1802, ya kama jagoransu Toussaint Louverture ya mutu a kurkuku cikin sanyin Faransa a 1803, Haiti ta ƙwaci kanta a 1804, sauran yankunan Faransa kuwa sai 1848. Mata kuma, Olympe de Gouges da ta rubuta tata takardar haƙƙin mata a 1791 an sare mata kai a 1793, kuma matan Faransa ba su samu damar zaɓe ba sai 1944. Aikin tilas da Iya ke magana, sai 1946 aka soke shi da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Amma kuma, nan ne kashi na biyu ya fito, bayin Haiti da ƴan majalisar Afirka na 1946 da kalmomin takardar 1789 ɗin suka yi faɗa, suka ce ku kuka rubuta, ku cika. Kenan ba ta ƴantar da kowa ba amma ta bar makami a ƙasa wanda waɗanda aka manta suka ɗauka. Jimlar nan ta ƙarshe ita ce amsata, ita na fara rubutawa a burwayon, wato takardar gwaji, kafin komai, duk sauran shafukan hidimarta suke yi.

To ga yadda nake yi har yau. Minti ashirin na farko ba na taɓa takardar egzamen, ina mai da sije ɗin tambaya da Hausa kamar Iya ce ta yi mini ita, in amsa da jimla ɗaya. In ban iya amsawa da jimla ɗaya ba to ban shirya rubutu ba. Sannan kowane sakin layi abu ɗaya zai ɗauka, in faɗi maganata, in kawo shaida da shekara da suna, in bayyana yadda shaidar ta tallafi maganar, dan shaida ba ta magana da kanta sai an yi mata lauya. Duk abin da na haddace wanda ba ya taimakon amsar in bar shi ko da yana mini ciwo, kuma yana ciwo ɗin fa, ka kwana uku kana haddar abu ka bar shi a burwayon. Tarihi ya fi sauƙin koyon wannan ne dan shaidunsa a fili suke, ga mutum ga rana ga abin da ya aikata, ba kamar ka fara da wata tiyori da ko kalmominta ba ka gane ba.

Wani abu kuma tunda na san za a ba ka shawarar, manhajar nan ta salula da ke rubuta wa mutane aiki. Wata ƙawata ta kai wa ankadrer ɗinta, malamin da ke duba aikinta, babi guda da sunan wani littafi a ciki, ya ce ta kawo masa shi ya gani, ta yi sati tana nema ashe babu littafin a duniya. Ka dai kiyaye.

Sarkin Kabu-kabu:

Hajiya Ƴar Zango kin yi bayani ba ƙarya, a gai da Iya, ita ya kamata a ba master ɗin. Amma ku duka kuna kewaye wani abu. Yaron nan ko ya samu amsarsa da Hausa tsaf, da Faransanci zai rubuta ta, kuma nan ne ake yanka mu. Ni na san abin da nake so in ce, a fada wurin shayi ba mai kayar da ni a gardama, amma in na zo sa shi a takarda sai akor da konjigezon, wato nahawun Faransanci, su watsa ni, malami ya ga fot, wato kuskure, goma a shafin farko ya daina karanta tunanin ma. Shi ya sa muke fakewa da hadda, dan jimlar fasikil aƙalla ba fot a cikinta. Na biyu ina littattafan? Baba Mushe na cewa karanta mutum biyu, mu kwafi ɗaya ne ke yawo tsakanin mutum tamanin. Na uku kuma a faɗi gaskiya akwai malaman da in ka kawo tunanin da ba nasu ba ka mutu, ni na gani da idona, shi ya sa na ce a san miyar kowa. Ni dai na ajiye a shekara ta biyu, babura uku gare ni yanzu alhamdulillahi, ba wai ina hana shi ba ne.

Tsohon Mushe:

Sarki, ta ukun nan ba zan musa maka ba, akwai su, na zauna da irinsu a ɗakin malamai. Amma wannan malamin da ya rubuta ina tunaninka ba ya cikinsu, ai da bakinsa ya roƙa. Zancen Faransanci kuma gaskiyarka ne rabi. Fot na raguwa ne in jimla ta gajarta, kuma jimla na gajarta ne in mutum ya san abin da zai ce, mafi yawan dogayen jimlolin da na yi ta ja wa jan layi yaro ne ke neman tunaninsa a tsakiyar hanya. Kuma wanda ke karanta shafi ɗaya na marubucin kirki kullum yana kwasar kalmomin haɗa magana irin su toutefois da en revanche a inda suke aiki, ba a jerin da aka ba shi ya haddace ba. André Salifou ɗan garin nan ne, da Hausa ya tashi kamar ku, ya rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19 da Faransanci aka buga a 1971, yau ga jami'a da sunansa. Littattafai kuwa ina da kwali biyu a ɗaki gara na cin su, waɗanda na bai wa aro ne dai ba sa maidowa.

Gardi, na karɓi gyaranka kan hadda.

Ɗan Garin Malam:

Na gwada layi ukun Baba daren jiya da fitilar salula, a shafin Durkheim, masanin sosiyoloji, na fasikil ɗinmu kan masu kashe kansu. Na farko da na biyu sun fito. Na ukun na daɗe ina kallon silin, can sai na duba na ga ashe a 1897 ya buga aikin, shekara ɗaya kafin zancen Cazemajou ɗin nan, kuma alƙalumansa na ƙasashen Turai ne, yana gwada Katolika da Furotesta. Wata biyu ina haddace mutumin nan ban taɓa tambayar yaushe ya rayu ba. Sai na rubuta: bai ce komai ba kan gari irin namu inda mutum ba ya kwana shi kaɗai ko ya so. Ban sani ba ko daidai ne ko shirme, amma dai nawa ne. Tambaya ɗaya Yaya Ƴar Zango, a disertasiyon ana iya cewa je pense, wato a ganina, ko haramun ne? Kuma Baba ni mai maido da aro ne wallahi, a tambayi yayana.

Ƴar Zango:

Ba shirme ba ne, amma kar ka tsaya nan, koma ka duba abin da ya ce kan zumunci da yadda jama'a ke riƙe mutum, wataƙila ka tarar layin naka goyon bayansa yake yi ba ƙaryata shi ba, in haka ne ma ka samu sakin layi guda kyauta. Je pense kuma bar shi, yawancin malamai ba sa so, sa nous, wato mu, ko ka faɗi maganar kai tsaye ka bi ta da shaida. Baba Mushe in za a buɗe kwalin nan a sa da ni, ina neman duk abin da ya shafi 1906 lokacin da Faransawa suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa, babi na biyu na memwar ɗina ya tsaya cak a wurin.